Wuta Ba Ta Kashe Shi: Gargaɗi Ga Masu Masara da Gyaɗa a Bawku

Jama'ar Bawku da kewaye, daga Pusiga zuwa Garu, daga Binduri zuwa Zebilla: duk wanda ya karya masara ko ya cire gyaɗa a makonnin nan, kada ya ɗure ta a buhu sai ta bushe ƙayau. Wanda ya riga ya ɗure, ya kwance bakin buhun yau, ya zura hannu har gwiwa. In ya ji ɗumi a ciki, ko ya ji wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ya zazzage ya mayar shanya. Ku kuma mata masu tsince gyaɗa, abin da kuka ware gefe, baƙa da motsattsiya da wadda tsutsa ta huda, kada ya je inji, kada ya shiga kaskon ƙuli-ƙuli, kada a ba yara, kada a watsa wa kaji. A haƙa rami a binne, ko a ƙona. Na sa wannan a gaba ne saboda wanda ba zai samu zarafin karanta sauran ba.

Ni ma da ina cikin masu ganin hunhuna ba komai ba ce. A kakkaɓe, a wanke, a ɗora a wuta, shi ke nan. Haka muka taso muka gani. Gwaggona ta fi shekara talatin tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a zango, kuma ban taɓa ganin ta zubar da ƙwaya ɗaya ba. Mai kyau takan ware wa masu sayen soyayyiya, ragowar duk ta tafi inji. Ran nan ɗan yayata, wanda ya karanta aikin ɗakin gwaje-gwaje yake kuma aiki a Tamale, ya zo suna gida, ya same ta a tsakar gida da faifai a cinya da wani tsohon kwano a gefe.

"Kaka, wannan kwanon fa, ina za shi?"

"Inji mana, angona. In an soya wa zai gane? Tun kana rarrafe kake cin ta, ga ka nan ƙato, har da gemu."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya nemi leda uku, ya ɗebi tafi ɗaya daga mai kyau, tafi ɗaya daga kwanon, sannan ya ɗauki ƙuli-ƙuli 'yan ƙwayoyi daga tire. Gwaggo ta ce a rubuta masa bashi. Da yake ina da wata hidima a Tamale a makon, sai ya ce in biyo in gani da idona, tunda na fi kowa gardama.

Abin da na gani ke nan. Masu wannan aiki noma hunhuna suke yi da gangan. Suna dafa mata abinci, su zuba a wasu 'yan faranti masu murfi, faɗinsu kamar tafin hannu, su bari ya daskare kamar kamu da ya kwana. Su a bakinsu midiya suke ce masa. Ni tuwon hunhuna na raɗa masa, kuma sunan ya bi shi har wajen abokan aikin yaron. Wanda aka fi sani ba shi da wani sirri: a dafa dankalin Turawa giram 200 a lita ɗaya ta ruwa, a tace, a zuba sukarin gulukos giram 20, a ƙara garin agar kamar giram 15. Agar ɗin daga wata ciyawar teku ake samunsa, shi ne mai daskarar da abin. Sai a rufe a tukunyar tururi mai matsi, zafi digiri 121, minti 15, don kada wani abu mai rai ya saura. Daga nan duk abin da ya tsiro a farantin, daga abincin da aka ɗora masa ya fito. Wani abin da ya burge ni, dabarar agar ɗin nan daga madafa ta fito. Wata mata ce, Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki tare da Robert Koch a Jamus, ta ba mijinta shawara a farkon shekarun 1880 ya gwada abin da take daskarar da kayan zaƙi da shi. Farantin kuwa sunan Julius Petri ya ɗauka, wanda ya fito da shi a 1887. Da na ba Gwaggo wannan labari cewa ta yi dama ai mata ne ke koya wa likitoci aiki.

Sai dai tuwon dankalin nan kowa ci yake yi. Akwai wata hunhuna mai kama da auduga, irin wadda ke fitowa a burodi, kwana biyu ta cika faranti har murfi, ta danne kowa, ba ka ganin wanda kake nema. Saboda haka wasu masana a Ostareliya, John Pitt da Ailsa Hocking da abokan aikinsu, suka haɗa wasu nau'o'in midiya na musamman don abinci. Akwai DRBC na 1979, mai launin ruwan hoda, wanda aka sa wa sinadaran da ke taƙaita yaɗuwar masu gaggawar nan, da maganin kuloramfenikol don kashe bakteriya. Shi a duhu ake ajiye shi, haske na ɓata shi. Akwai DG18 na 1980, mai gilisarin kashi 18 cikin ɗari, don busasshen abinci irin gari da barkono da hatsi, domin wasu nau'in hunhunar sun fi son wuri mai ƙarancin ruwa, a jiƙaƙƙen faranti ba sa nuna kansu. Waɗannan biyu ana ba su kwana biyar ko fiye a zafin digiri 25 kafin a ƙirga abin da ya tsiro. Na uku shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye, AFPA, na 1983. Shi an yi shi ne don farautar ɓarawo ɗaya da ɗan'uwansa, wato Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, masu haifar da gubar da ake kira aflatoksin.

Yaron ya jiƙa gyaɗar minti biyu a ruwan bilic mai rauni, don a kashe abin da ke bayan ƙwaya, a bar na ciki kaɗai. Ya sa hantsaki ya jera su a faranti, nesa-nesa da juna, ya rufe, ya rubuta a murfi, ya sa a akwatin ɗumi, digiri 30. Ya ce in dawo jibi.

Da na dawo bai nuna mini saman farantin ba. Kifa shi ya yi, ya ɗaga wajen taga. A ƙarƙashin mafi yawan ƙwayoyin da suka fito daga kwanon Gwaggo akwai tabo zagayayye, ruwan goro shar, kamar an tofa. Ya ce akwai gishirin ƙarfe a cikin midiyar, shi ne ke haɗuwa da wani sinadari da wannan hunhunar ke fitarwa, ya ba da launin. Farantin mai kyau kuma, wadda ni da kaina zan saya in ci ba tare da na duba sau biyu ba, shi ma akwai tabon a ƙarƙashin ƙwaya ɗaya. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji masu magana. To a nan ƙimar ido ta gaza kaɗan, domin abin a cikin ƙwaya yake zaune, tsakanin ɓari biyun nan.

Na uku, na ƙuli-ƙuli, fes. Ko ɗigo babu. Na ce alhamdu lillahi, ashe Gwaggo ta yi gaskiya, wuta ta gama da shi.

"Kawu, ai wannan ne ya fi ba ni tsoro."

Nan ne gaɓar da nake so kowa ya riƙe. Faranti abu mai rai yake nunawa. Suya ta kashe hunhunar, saboda haka ba abin da zai tsiro. Amma gubar da ta riga ta zuba a cikin gyaɗar ba rai gare ta ba balle ta mutu. Aflatoksin ba ya wargajewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 250 ko fiye, alhali ruwan tuwo a digiri 100 yake tafasa. Suya mai kyau takan rage wani abu, ba ta gamawa. Tsimin ƙullu ma bai cika taɓa shi ba. Kuma in an matse mai, kaso mafi yawa na gubar a tunkuza yake zama, ita kuwa tunkuza ita ce ƙuli-ƙuli, ita ce yajin tsire, ita ce abin da yara ke cika aljihu da shi a hanyar makaranta. Ya daka ƙuli-ƙulin, ya kaɗa da wani ruwan sinadari, ya tsoma wani ɗan tsinke irin na gwajin zazzaɓin sauro. Irin tsinken da ya yi amfani da shi a juye yake aiki: layi biyu lafiya, layi ɗaya matsala. Cikin 'yan mintuna layi ɗaya ya fito ya tsaya shi kaɗai.

Wato gwaji biyu ne, kowanne da tambayarsa. Faranti yana gaya maka wace hunhuna ce a cikin kaya da yawanta, abin da ke nuna yadda aka shanya da yadda aka adana. Gubar kanta kuwa sai tsinke, ko manyan na'urori irin waɗanda ke Cibiyar Binciken Abinci da Hukumar Kula da Ingancin Kaya a Ankara, wato Accra. Akwai wata dabara a tsakiya: a shuka hunhunar a midiyar madarar kwakwa, bayan kwanaki a haska da fitilar ultrabayolet a duhu, in mai guba ce sai a ga shuɗin haske ya kewaye ta. Daga wannan hasken ma aka samo sunayen nau'o'in gubar, B da G, haruffan farko na shuɗi da kore a Turanci. Duk wanda ya kawo maka takarda cewa an gwada garinsa ba a ga hunhuna ba, tambaye shi ko an gwada gubar.

Yawan da ake magana a kai ƙanƙane ne ƙwarai. Amurka ta sa iyakar kashi 20 cikin biliyan a abincin mutane. In an kwatanta, kamar nauyin ƙwayar shinkafa guda ce a cikin buhu goma masu kilo ɗari-ɗari. Tarayyar Turai kuwa 4 kacal ta yarda da shi a gyaɗar da za a ci kai tsaye. To a 1996, Richard Awuah da Kafui Kpodo sun buga binciken da suka yi kan gyaɗar kasuwannin Gana, inda a cikin lalatattun ƙwayoyi suka samu har sama da kashi 22,000 cikin biliyan, alhali lafiyayyun ƙwayoyi abin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Wannan yana nufin tsincewar da matanmu ke yi aiki ne babba, ya fi ƙarfin a raina shi. Kuskuren ɗaya ne: bayan an tattara gubar wuri guda, sai a niƙa ta a mayar wa mutane.

Duniya ba ta san da wannan guba ba sai 1960, lokacin da talo-talo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 1974 ta faɗa wa ƙauyukan Gujarat da Rajastan a Indiya ta hanyar masarar da ruwa ya daka, mutum fiye da ɗari suka mutu; karnukan da ke cin ragowar abincin gidajen su ma cikinsu ya kumbura suka mutu. A 2016 a tsakiyar Tanzaniya, yankunan Dodoma da Manyara, mutum 68 suka kwanta, 20 suka rasu. Amma wanda ya hana ni barci shi ne na Kenya a 2004, a gundumomin Makueni da Kitui da maƙwabtansu: mutum 317 suka kamu, 125 suka rasu. Masarar da suka noma da hannunsu ce, ba ta agaji ba, ba ta kanti ba. Fari ya fara wahalar da ita, sannan ruwa ya sauka lokacin girbi. Masu binciken da suka bi gida-gida sun gano cewa waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda suka adana masarar da danshinta, a cikin ɗakin kwana maimakon rumbu.

Wanda ya san Bawku ya karanta wancan ya san me nake tsoro. Kusan kowace shekara, cikin Agusta ko Satumba, ana buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, ruwa ya gangaro ta Farin Volta, a yi shela masu gonaki a bakin kogi su kwashe abin da za su iya. Masarar da aka karya a guje ba ta gama nuna ba, ruwa ne fal cikinta, wani lokaci ma a kwalekwale ake fito da ita. A ɗaya gefen kuma fari: a damina ta 2024 ruwa ya ɗauke makonni a arewacin Gana har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a watan Agusta. Shukar da ƙishi ya galabaita ita hunhunar nan ta fi shiga tun tana gona, musamman gyaɗa, in ƙasa ta yi zafi ta bushe a makonnin ƙarshe kafin cira. Sai kuma abin da kowa ya sani ba ya son faɗa. Tun ƙarshen 2021 an sha sa dokar hana fita ana sabuntawa saboda rikicin sarautar garin nan. Ba ruwan wannan rubutu da wane ne mai gaskiya. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da ba ya iya barin amfaninsa a masussuka ya kwana, wanda ke tattara shanya tun la'asar sakaliya, ya ɗure a buhun leda, ya jibge a ƙuryar ɗaki a kan siminti, jikin bango, ya rufe ƙofa da taga. Ba laifinsa ba ne. Amma ɗakin nan ya zama akwatin ɗumin da na gani a Tamale, buhun kuma ya zama faranti. In hanya ta yi wuya mota ta yi kwanaki ba ta tashi ba, kaya suna ƙarƙashin tamfol suna gumi, haka abin yake.

Mutuwar farat ɗaya irin ta Kenya ba kullum take zuwa ba. Wadda ke tare da mu kullum ita ce mai cin mutum a hankali. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa aflatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma hanta yake nufa. In ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin sankarar hanta yakan ninka wajen sau talatin. Wani nazari na 2016 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 12 cikin ɗari na mutanen Gana na ɗauke da wannan ƙwayar cuta, da yawa ba su sani ba. Allurar rigakafinta ta shiga jerin na jarirai a Gana a 2002, saboda haka mu da aka haifa kafin nan, sai wanda ya je da ƙafarsa aka gwada shi. Nawa muka binne a zango, magidanta 'yan shekara arba'in, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, aka ce sammu ne ko shawara ce ta ci ƙarfinsa? Ban ce duka wannan ne ba. Na ce ba mu taɓa tambaya ba.

Yara kuma abin ya fi ban tausayi. A 2002 an buga wani bincike da aka yi a Benin da Togo, maƙwabtanmu na nan kusa, kan yara 480 'yan ƙasa da shekara biyar. Kashi 99 cikin ɗari an samu alamar gubar a jininsu. Waɗanda aka yaye sun fi masu shan nono yawanta, kuma waɗanda suka tsumbure sun fi sauran. Me muke yaye yara da shi? Koko, kunun gyaɗa, da garin tom brown na soyayyiyar masara da gyaɗa da waken soya, wanda uwa ke haɗawa da kyakkyawar niyya don ɗanta ya yi ƙiba. In za a yi wa yaro gari, ƙwayar da ta fi kowace kyau a gidan ita ta cancanta, a tsince ta ɗaya-ɗaya, a rege, a zubar da duk wadda ta taso saman ruwa. Dabbobi ma ba juji ba ne. Ɗan agwagwa da ɗan talo-talo ba sa jure ta ko kaɗan, kaji su rage ƙwai, saniyar da ta ci ruɓaɓɓiyar dusa kuma wani kaso na gubar yana fitowa a nononta, ya dawo mana cikin fura.

To ina mafita, tunda ɗakin gwaji mai cikakkun na'urori yana can nesa da nan, faranti kuma kwanaki yake ci, kasuwa kuwa ba ta jira? Abin da ya kwantar mini da hankali wani gwaji ne da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini, aka buga sakamakonsa a 2005. Ba magani aka raba ba. An koya wa manoman gyaɗa su tsince da hannu, su yi shanya a tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe sosai, su zuba a buhun algarara mai numfashi, su ɗora a kan katako, su sa maganin ƙwari a ƙasan ɗakin ajiya. Bayan wata biyar, gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka bi wannan ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin mutumin Bawku.

Bushewa ita ce uwa uba. Masara sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa, ɓararriyar gyaɗa wajen kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'urar aunawa, kakanninmu sun bar mana haƙori: busasshiyar masara ƙas take karyewa, ba ta lotsawa, busasshiyar gyaɗa in an girgiza kwanso sai ta yi kacau-kacau. Akwai kuma gwajin gishiri: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza, a bari ta huta, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. Kada a yi shanyar a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, domin ita wannan hunhunar a cikin ƙasa gidanta yake. Kada a bar raɓa ta sauka a kai. Kada a yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, wannan ɗabi'a ita kaɗai ta isa ta ɓata buhu. In da hali a bar ta cikin kwansonta sai an tashi amfani. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS yana da kyau ƙwarai wajen kashe ƙwari, amma busasshen hatsi kaɗai ake ba shi. Wanda ya ɗaure ɗanye a ciki ya jawo wa kansa wata asarar. Kuma ko ɗakin kwana ne dole ta sa aka mayar rumbu, a sa katako ko duwatsu a ƙasa, a janye buhu daga bango, a buɗe taga da rana.

Wannan gargaɗi bai tsaya a Bawku ba. Mutanen Yendi masu masara da gyaɗa, da na Salaga masu shanya rogo don kokonte har ya yi baƙi a kan dutse, da masu busar da barkono da kuɓewa ko'ina, duk su duba shanyarsu.

'Yan kasuwa, da ku nake yanzu, kuma cikinku akwai 'yan'uwana na jini. Na san dabarar: buhu uku masu kyau, ɗaya mai wari, a gauraya, a sa mai haske a baki. Na san inda masarar da kamfani ya ƙi karɓa take ƙarewa, wajen mai koko da mai kiwon kaji, da rangwame. Turai ta iya mayar da kaya daga tashar jirgin ruwa, uwar marayu a zango ba ta da wannan gata, abin da kuɗinta ya kai shi take saya. Kowa a cikinmu ya ji hadisin tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa aka bar busasshe a sama, ya kuma san hukuncin da ya biyo baya. Algus na sikeli aljihu yake cuta. Wannan hantar ɗan wani yake ci, kuma ba mamaki ɗan naka ne, tunda shi ma a bakin titi yake sayen koko.

Don baɗi, akwai abin da ya kamata manoma su tambayi malaman gona da ma'aikatan tashar binciken noma ta Manga tun kafin ruwan fari. Sunansa Aflasafe. Cibiyar IITA ta Ibadan ce ta haɗa na Gana tare da jami'ar KNUST ta Kumasi. Dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi, aka lulluɓe ta da irin wannan hunhunar dai, amma dangin da ba sa yin guba, waɗanda aka zaƙulo daga ƙasar Gana. Ana watsa kilo huɗu a eka, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Ƙaya da ƙaya ake cire ta. Yaron ya ce mini abin dariyar shi ne masarar irin wannan gona in aka ɗora ta a farantin AFPA, ruwan goro za ta yi ita ma, domin faranti bai san mai guba da marar guba ba. Sai an koma ga tsinke ko kwakwa a raba gardama.

Abin da nake roƙon hukumar abinci da magunguna da majalisun gundumominmu ba babba ba ne. Ba sai an gina mana katafaren ɗakin gwaji ba tukuna. A kawo tsinken gwaji da na'urar auna danshi ranar kasuwa, a zauna kusa da masu awo da masu inji, a ɗebi samfur daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, domin gubar ba ta bazuwa daidai, a 'yan ƙwayoyi take taruwa, tafi ɗaya daga baki ba ya faɗin gaskiyar buhu. Makarantun kwana da masu dafa wa ɗalibai abinci su fara, tunda su ke sayen buhu ɗari a tashi ɗaya su ajiye wata da watanni.

Kafin nan, ga alamar da ba a jira da ita. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka fara amai da ciwon ciki, ido ya yi ɗorawa, ƙafa ko ciki ya fara kumburi, balle in kaji ko agwagi ko karen gidan sun riga sun fara mutuwa, a daina cin hatsin gidan nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara. A tafi asibiti, a tafi da kwano ɗaya na hatsin da ake ci da na garin, a gaya wa likita daga wane buhu ne, a kuma sanar da maƙwabtan da aka ɗibar wa ko aka sayar wa.

Da na koma gida na nuna wa Gwaggo hoton farantin a waya. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta faɗaɗa tabon, ta ce ita dai goro ta gani. Na gaya mata zancen layi ɗaya. Ta yi lissafinta a fili: kwano ɗaya a kowane buhu, buhu kaza a wata, sidi kaza ke nan, wa zai biya ta? Na ce ta ƙara kuɗin ƙuli-ƙulin kaɗan, ta gaya wa masu saye dalili. Ta ce masu saye ba dalili suke ci ba. Ba mu daidaita ba a ranar. Washegari da sassafe na ji ƙarar fartanya a bayan ɗaki, na leƙa, na ga ta sa wani jikanta yana haƙa rami, kwanon yana ajiye a gefe, tana tsaye tana korar kaji da zani.